Injinan Ban Ruwa da Na Kusa Kafawa a Cikin Kogi

Na zauna taruka a aikin gwamnati har ban san iyakarsu ba, kuma yawancinsu sun shige mini, amma na wani ƙauye a bakin kogi a ƙasar Bagudo ba zan taɓa mantawa da shi ba. Ranar aka yi mini dariya a bainar jama'a, kuma har gobe ina gode wa Allah da aka yi.

Lokacin ina aiki a wata hukumar jiha mai kula da sababbin fasahohi da bunƙasa sana'o'i. Duk ƙarshen shekara mukan zauna mu tsara aikin baɗi wata-wata, mu miƙa wa gwamnati. A shekarar ce aka fara damƙa mini sashe guda ni kaɗai: injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana, don manoman shinkafa na fadamar Bagudo. Sai da na yi ta-maza kafin ya shiga tsarin, don wasu na cewa wurin ya yi nisa, gab da iyakar Jamhuriyar Benin, wa zai je ya gani? Shugabanmu ya amince, amma ya ja mini kunne cewa in aikin ya lalace ba za a ƙara ambaton Bagudo a tsarinmu ba.

Ni 'yar Zuru ce, a kan tudu na tashi. A sanina, da damina ta wuce ruwa ya tafi ke nan. Don haka na rubuta cewa a Janairu za a kafa injina a fadama, har da ja masa layi, ina ji da kaina.

Saura kwana huɗu mu miƙa tsarin aka tura ni in karanta wa mutanen. Gaskiya sa hannunsu kawai na je karɓa. Mota ta sauke ni a Bagudo, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni, na iske manoma da masunta a gindin mangwaro. Ina karantawa suna gyaɗa kai, har na zo kan Janairu. Can wani ya tuntsire da dariya, sai kowa ya ɗauka, har matan da ke zaune daga gefe. Ni kuwa ba na ɗaukar raini. Na rufe takardata na ce in akwai abin dariya a faɗa mini, nima in taya su.

Sarkin ruwan garin, wani dattijo siriri mai furfura, ya share hawayen dariya ya ce, "Ɗiyata, yi haƙuri. Injinan nan naku, sun iya iyo?"

Ya yi mini bayani cewa kogin Neja, wanda suke kira Kwara, sau biyu yake cika. Akwai cikar damina, akwai kuma ta biyu da ke tahowa tun daga Mali, ba ta isowa sai cikin sanyi, lokacin da ko gajimare babu a sama. Na yi gardama, na ce ai ina da taswira. Bai ja da ni ba, ya ce in biyo shi. Muka taka har filin da na zaɓa, ƙasa busasshiya ƙayau, ya nuna mini wata giginya da aka sassare jikinta. Mahaifinsa ne ya fara, shi ya ci gaba: duk shekara inda ruwa ya tsaya, nan ake sara. Na tsaya jikin giginyar, saran da ya fi kowanne ƙasa ya kai mini ƙirji.

Muka koma kan tabarma muka sake tsarin tun daga farko. Shi yana lissafi da hawa da saukar ruwa, ni ina mayarwa watanni. Manoma suka ce a bar Janairu da Fabrairu don koya wa mutanen garin gyaran injin, a kafa in ruwa ya janye. Wata mata mai sayar da busasshen kifi ta ce a ɗora farantan hasken ranar a kan amalanke, don a riƙa jawo su tudu in ruwa ya taho. Mu a ofis wata biyu muna zama, ba wanda wannan ya faɗo masa.

Saura shugaba. Wayata ta ƙi kama komai sai layin Benin, sai da na hau wani tudu sannan na same shi. Ya ce an gama buga tsarin, kuma gwamnati na son ganin an ƙaddamar da wani abu a farkon shekara. Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi kamar ranar ba, amma na faɗe ta: "Ranka ya daɗe, kuskurena ne. In muka bi abin da na rubuta, a cikin ruwa za ka yanke ƙyallen buɗewa." Sai ya fashe da dariya ya ce in kawo gyaran da kaina.

A Janairu na koma buɗe horon. Dattijon ya sa ni a kwalekwale, muka yi ta tafiya a kan ruwa shimfiɗe, har muka zo giginyar nan. Ya caka gorarsa, ta nutse fiye da rabi, ya ce, "To, ga wurin da kunka zaɓa, a sauko da injin?" Na yi dariya har na kusa kifar da mu. Bayan wata uku na sake zuwa, filin nan ya zama kore shar, injina na ta tuttuɗo ruwa. A tsarin shekarar da ta biyo, shugaba da kansa ya ƙara wasu ƙauyukan Bagudo.

Tun daga ranar na daina kai wa mutane tsari don su sa hannu. Kafin in rubuta wata a takarda, sai na je na tambayi masu wurin abin da watan yake yi a garinsu. Taswirata ta san inda kogin yake, amma sai da na tsaya jikin giginyar dattijon nan na san lokacin da yake zuwa.