Kyautar da Baffa ya manna a gilashi

Ban taɓa tsanar wani abu marar rai ba kamar yadda na tsani wata 'yar baƙar na'ura da ta zauna a gilashin motar da nake tuƙawa a Dubai. Girmanta bai wuce sabulun wanka ba. Aikinta, in ji masu sayar da ita, ta sansano kamarar da ke kama masu gudu a titi, ta yi ƙara tun kafin a isa wurin, direba ya rage wuta. Har yau in injin wanki ya gama aiki ya yi irin wannan ƙarar, sai na ji raina ya ɓaci.

A lokacin ni direba ne a wani kamfanin kargo. In ɗauko 'yan kasuwar Kano daga filin jirgi, in zaga da su kasuwanni, in kai su sito a Jebel Ali, wajen tashar jiragen ruwa, su ga an loda kayansu a kwantena. Motar ta kamfani ce, lasisin nawa ne. Wanda bai nemi lasisin tuƙi a Dubai ba bai san wuya ba. Na faɗi jarrabawa har na fara jin kunyar faɗa wa mutane, ni da na yi shekaru ina ratsa Kano da sitiyari. Ranar da na samu, sai da na yi sujada a kan tayil ɗin ofishin. Bizata a kan aikin take, aikin a kan lasisin yake, matata da yarana a Kano kuma daga nan suke ci.

Sai ga Baffa ya sauka. Ƙanin mahaifin matata ne, shi ya ba ni aurenta tunda mahaifinta ya rasu, don haka shi ne surukina gaba da baya. Ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, in zan gaishe shi sai na durƙusa ko da a bakin lif ne Filifinawa suna kallo. Kayan famfo da makullan ƙofa yake sarowa. Ya sauka a wani filat na 'yan kasuwa a unguwar International City, maigidana mai kamfanin kuma da ya ji dangantakarmu ya ce ai shi ke nan, ni zan riƙa yawo da shi har ya koma. Shi a ganinsa alheri ya yi mini.

Wata rana a babbar kasuwar 'yan Chana da ke kusa da masaukinsa, Baffa ya ɓace mini cikin lungunan masu kayan lantarki, ya dawo da ɗan kwali a leda yana murmushi. Da muka shiga mota ya buɗe, ya tofa wa robar mannewa yawu, ya yi bisimilla, ya danna ta a tsakiyar gilashi. Ya zare cajar wayata ya jefa mini a cinya, ya soka wayar na'urar a wurin.

“Ga tsarabarka,” ya ce. “Daga yau kai da kamara sai dai ka ji labari.”

Na sunkuyar da kai na ce, “Allah ya saka da alheri, Baffa. Sai dai a ƙasar nan doka ta hana amfani da irin wannan.”

“In ta hana, me ya sa ake sayarwa?”

“Ai ba a fili suke sayarwa ba, Baffa.”

“To mu ma ba a fili za mu yi amfani da ita ba. Ja mota, yalla, mu je.”

A tsakiyar gilashi fa, inda ko makaho zai laluba ya same ta. Ni kuma ba mai gudu ba ne, ban taɓa buƙatar wani abu ya gaya mini in rage wuta ba. Baffa ne ke son a yi gudu. Kullum a makare yake, kullum akwai wani Ba'indiye da zai rufe shago, kuma a wurinsa direban da manyan motoci ke wucewa ragon namiji ne.

Da yamma na kira matata na gaya mata. Ta ce, “Don Allah ka yi haƙuri, kwana nawa zai yi? Kada ka mayar masa da kyauta, gobe a ce ka je Dubai ka raina mutane.” Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi. Na riƙa cire na'urar in na sauke shi, in tura ta ƙarƙashin kujera. Da safe kafin ya amsa gaisuwata sai ya ce, “Ina 'yar rakiyar?” In ciro ta da hannuna in miƙa masa, ya sake tofa yawu.

Na'urar tana da 'yan maɓallai a gefe, kuma Baffa ya mayar da su abin wasansa. Ɗaya na ƙara murya da ragewa, ɗaya na sa ta yi shiru na ɗan lokaci, ɗaya na hasken fuskarta, ɗaya kuma na sauya ta daga yanayin cikin gari zuwa na babbar hanya. Muryar wata mace ce a ciki, tana Turanci ta hanci. Ran nan ya danne wani maɓalli ya daɗe bai saki ba, matar ta koma wani yare da muke zaton Rashanci ne, ta ƙi dawowa. Ya ce ba komai, ai ba hira ya saye ta su yi ba.

Wani abokin aikina, mutumin Maraɗi, ya leƙo motar a bakin sito ya gan ta, ya kama baki, ya ɓarke da Hausarsa mai gauraye da Faransanci.

“Mon frère, ka haukace ne? In patron, maigidanmu, ya ga wannan, khalas, c'est fini, taka ta ƙare.”

Na nuna masa Baffa da ido, yana can yana faɗa da masu ɗaure kwali. Ya gane nan take, domin su ma suna da surukai a Maraɗi. Shi ya bayyana mini abin da maɓallin ƙarshe ke yi. In tana yanayin gari, ba ta kula ƙananan sigina, sai mai ƙarfi. In tana na babbar hanya, komai ta ji sai ta yi kururuwa: ƙofar kanti mai buɗe kanta, gidan mai, har sababbin motocin nan masu na'urar gane abin da ke gefensu. Dubai kuwa ƙofar da ke buɗe kanta ta fi wadda ake turawa yawa. Ya mayar mini da ita yanayin gari, ya rage murya, ya dushe hasken don kada a hango ta daga waje.

Ba mu yi nisa ba Baffa ya lura.

“Me ya samu abin nan ta yi shiru?”

“An sa ta a na gari ne, Baffa, don ta daina ƙarar banza.”

“Wa ya sa ta?”

Na ci gaba da tuƙi.

“Ni ban sayi rabin na'ura ba,” ya ce. Ya sa ɗan yatsa ya mayar da ita na babbar hanya, ya ƙure murya, ya ƙure haske har tana walƙiya kamar shagon mai gyaran waya. “Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.”

Abin da babban ya hango dai ƙofofin kantuna ne. Mu wuce kantin magani, ta tsala ihu, ya ce burki. Mu tsaya a danja kusa da wata dalleliyar mota, ta tsala ihu, ya waiga yana neman kamara a saman bishiyar dabino. In kuwa ta yi shiru, a wurinsa an buɗe hanya ke nan, sai ya riƙa buga gaban mota yana cewa in taka. Maɓallin shiru bai san amfaninsa ba sai in an kira shi daga Kano. Ya danna, ya gama cinikinsa a waya, ya sake ta. Na riƙa komawa ɗaki kunnena yana amsa kuwwa, ina zagin wanda ya ƙera ta da wanda ya sayar, wanda ya saya kuma ina haɗiye nasa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, muna kan hanyar Jebel Ali za a rufe kwantenarsa. Ina layin tsakiya, ina tafiya daidai ƙa'ida. Wata babbar jif ta zo ta gefenmu, na'urar ta kwarma ihu da dukkan ƙarfinta, matar ciki tana ta Rashancinta. Baffa ya daka tsawa, “Burki! Burki!” ya kai hannu ya damƙi cinyata. Ƙafata ta taka kafin kaina ya yi tunani. Sai ji muka yi gam daga baya. Wata a-kori-kura ɗauke da galan-galan na ruwa ta shige mana.

Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. Muka gangara gefe. Baffa ya fita yana gyara hula, ya nufi direban, wani Bafakistane, ya hau shi da faɗa da Hausa zalla. Ni kuwa abin da na fara yi, na fizge na'urar da wayarta na cusa ƙarƙashin kujera, na goge zagayen yawun da ta bari a gilashi da hannun rigata.

Ɗan sanda ya zo, saurayi mai natsuwa. Ya duba bayan motarmu, ya duba gaban a-kori-kurar, ya karɓi lasisinmu. Wanda ya bugo daga baya shi ake fara tuhuma, kowa ya san haka, shi ma Bafakistanen ya sani, sai dai yana ta nanata cewa haka kawai na taka burki a tsakiyar titi. Ɗan sandan ya tambaye ni dalili. Na buɗe baki zan ce motar gefe ce ta matso ni.

Baffa ya ɗaga mini hannu. A wurinmu in babba yana tsaye, yaro ba ya bayani a gaban hukuma. Haka aka saba a gida: in an yi karo, dattijo ya fito ya tsara magana, ya kawo hujja, a watse. Kuma in suruki ya ɗaga maka hannu, ka yi shiru ke nan.

“Habibi, shwayya,” ya ce wa ɗan sandan, wato a bi a hankali. Ya buɗe ƙofar mota, ya duba gilashi bai gan ta ba, ya durƙusa da babbar rigarsa ya laluba ƙarƙashin kujera. Ya san maɓoyar, ai kullum a gabansa nake ciro ta. Ya fito da ita yana riƙe da wutsiyar wayar, ya ɗaga sama kamar wanda ya kamo ɓera, ya haɗa Larabcin Umara da Turancin kasuwa yana bayani: wannan ce ta ce akwai kamara, shi ya sa yaron ya taka burki, yaron ba shi da laifi, mashin ne ya yi magana. Har maɓallin babbar hanya ya nuna masa, don a san a kan daidai take.

Ɗan sandan ya karɓa ya jujjuya ta. Fuskarsa ta sauya. Ya tambaya da Turanci, a hankali, ta wace ce.

A nan ne Baffa ya gane. Na ga lokacin da ya gane, domin hannunsa ya tafi aljihu ya ciro carbi, idonsa ya koma kan wasu kwantenoni can nesa. Mutumin da bakinsa bai huta ba tun daga filin jirgi ya zama kurma. Na jira shi. Wallahi na jira, na ba shi lokacin da zai ce tawa ce, ni baƙo ne, ban san doka ba. Da ya faɗi haka, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Ɗan sandan ya sake tambaya, wannan karon ni yake kallo.

Ta yaya zan nuna mutumin da ya ba ni 'yarsa da yatsa a bakin titi? Na ce tawa ce.

Aka tafi da motar, aka riƙe lasisina, aka ba ni ranar zuwa amsa tambayoyi. Maigidana bai yi ihu ba, na ma fi son a ce ya yi. Ya ce ba zai kore ni ba saboda yarana, amma sitiyarin kamfaninsa na gama riƙewa. Ya tura ni sito a Dubai Investments Park, inda nake manna salatif a kwali tare da yaran da a da nake rage wa hanya, albashin ma ya bi matsayin. Mutumin Maraɗi ne ya kai Baffa filin jirgi. Kwantenarsa ta tashi a kan lokaci, ko makulli ɗaya bai ɓata ba.

Bai kira ni ba. Matata ce ta kira bayan ya isa gida ya huta, muryarta a sanyaye. Ta ce Baffa ya tara su ya ba da labari, ya ce Allah ne ya tsare shi, domin ni hannuna bai nuna ba, burki nake takawa kamar ɗan koyo, amma a yi mini addu'a kada a yi mini faɗa. Na ce to.

“Ya kuma ce in tambaye ka,” ta ce, “wai in 'yan sandan sun dawo da na'urar, ka ba wani mai zuwa ya taho masa da ita. Zai sa a motarsa ta Abuja.”