Ranar da Gwaggo Vahide Ta Yi La'asar a Gaban Jam'iyya

Yanzu kowa a ƙauyenmu jarumi ne. Zauna a gidan kofi ka ji tsofaffi suna cika baki, wannan ya ce a rumbu yake sallarsa lokacin da aka hana, wancan ya ce ko sau ɗaya bai sha azumi ba. Ƙarya suke yi wallahi, a gabana aka yi komai. Shekarun da gwamnatin Jam'iyyar Kwaminis ta Albaniya ta ce babu Allah a ƙasar, mutum ɗaya na sani a ƙauyen nan da goshinta bai daina taɓa ƙasa ba, ita ce ƙanwar babana, Gwaggo Vahide.

Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannayenta duk sun tsattsage saboda sanyi. Mijinta ya mutu a ramin ma'adinai tun tana da sauran ƙuruciya, ba su haihu ba. Ya bar mata gidan dutse mai ɗaki biyu da kurangar inabi a ƙofa, daga tagar kuma ana hango kabarinsa. Gidan nan shi ne duk abin da ta mallaka a duniya.

Ni da ita muna tatsar shanu a gonar haɗin gwiwa. Dokar wurin ta ce mai tatsa ta wanke hannu kafin ta taɓa saniya. Gwaggo kuwa har ta fi doka bin doka: hannu, baki, hanci, fuska, har ƙafa. Shugabar matan tatsa ta sha yabonta a taro, wai a yi koyi da tsaftar Vahide. Mu da muka san alwala ce sai mu toshe baki da gyale kada dariya ta tona mu. Daga nan sai ta shige bayan tarin ciyawa, ta shimfiɗa buhu, ta yi abinta.

Na sha yi mata magiya. "Gwaggo, ki yi a zuci mana, ko a zaune kina tatsa. Ai Allah Ya san halin da ake ciki."

"Gurguwa ce ni?" in ji ta. "Ke Merita, daga asuba zuwa dare an gama rabona. Hannuna na gona ne, bakina na Jam'iyya, kunnena na rediyonsu. Sau biyar kaɗai nake komawa hannun Mai ni. Shi ma in sakar musu?"

Kuma da idona nake ganin ribar da take ci. Mu wuni muke da fargaba, kowa na zargin kowa, wata ta ɓoye madara a kwalba cikin riga, wata ta kai tsegumi ofis don a ba ɗanta aiki. Ita in ta fito daga bayan ciyawar nan kamar wadda ta sauke tulu daga ka. Ba ta sata, ba ta kai ƙarar kowa, kuma ban taɓa ganin jikinta ya yi rawa don wani jami'i mai jaka ya shigo garke ba. Har haushinta nake ji wani lokacin, don ni gudawa ke kama ni in na ji ƙarar motar hukuma.

To, wata dai ta kai ƙara. Har yau ban san wace ce ba, Allah Ya isa. Aka ce za a yi taron gari a kanta, har da baƙo daga ofishin Jam'iyya na birni. Kowa ya san hukuncin: a ƙwace gida, a ɗora mutum a motar kaya, a kai shi can fadamar sauro ya ƙarasa rayuwarsa yana haƙar lambatu. Sai dai shugaban gonarmu, Ferit, ya aiko mata cewa in ta miƙe ta ce ta tuba da tsohuwar al'ada, maganar ta mutu.

Wurin taron tsohon masallacinmu ne. An rushe hasumiyar, an shafe rubutun bango da farar ƙasa, an jera bencina, aka sa masa suna gidan al'adu. Teburin manya kuwa daidai inda liman yake tsayawa aka kafa shi. Shi Ferit ɗin ɗan ladaninmu ne, a ɗakin nan ya girma yana kakkaɓe dardumai kafin ya waye.

Bayan azahar aka fara. Ferit ya yi ta zuba, ci gaba, kimiyya, duhun kai, har baƙon ya fara hamma. Gwaggo ko kallonsa ba ta yi, hasken da ke shigowa ta taga take bi da ido yana hawa bango. Can ya ce, "Kwamared Vahide, tashi ki faɗa wa jama'a abin da kika yanke."

Ta tashi. Ta fito gaban tebur, ta tuɓe takalmi, ta cire mayafin kafaɗarta ta shimfiɗa a ƙasa.

"Ferit, ka cinye mini lokaci da surutu, la'asar za ta wuce. Kauce, ka tare mini alƙibla."

Jama'a, ya kauce! Wallahi ya kauce. Kafin kansa ya yi tunani ƙafarsa ta riga ta yi, ya ja kujera gefe har tana ƙara, yadda aka koya masa tun yana rarrafe. Sai da ta ɗaga hannu ta yi kabbara ya gane abin da ya aikata a gaban baƙon birni, fuskarsa ta yi fari fat.

Baƙon ya daki tebur. "Me kuke kallo? Ku kama ta!"

Ɗan sandan ƙauye ya taso da gudu. Tsakanin benci da tebur hanya ɗaya ce, ta gabanta. Ya zo daidai bakin mayafin ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, sai ya ja da baya yana gyara hula. Shi ma ɗan garin ne, ba a gitta gaban mai salla. Haka ta yi raka'a huɗu ba gaggawa, ɗakin tsit, sai ƙarar gwiwoyinta in za ta tashi. Na saci kallon bencin tsofaffi, leɓɓansu na motsi ba su sani ba.

Tana sallamewa Ferit ya juya wurin baƙon. "Kwamared, matar nan ba ta da lafiya. Tun rasuwar mijinta kanta ya taɓu, kowa ya sani. Ko ba haka ba, jama'a?"

Muka ɗauka baki ɗaya, "Haka ne! Mahaukaciya ce!" Muryata ta fi ta kowa, ko yau aka sake zan sake. Baƙon ya taɓe baki ya fara rufe jakarsa, don ba a shari'a da mahaukaci. Ga ƙofa an buɗe mata, ga gidanta ya tsira. Shiru kawai za ta yi.

Tana ɗaure takalmi ta ɗago kai. "Ferit, na gode, Allah Ya ji ƙan mahaifinka. Amma bai koya maka ba? Mahaukaci babu salla a kansa. In na yarda ni mahaukaciya ce, wadda na yi yanzu ta tashi a banza ke nan." Ta dubi baƙon ido cikin ido. "Da hankalina na yi, ɗana. In magariba ta yi ma zan yi."

Baƙon ya sake buɗe jakarsa.

Bayan kwana biyu motar kaya ta tsaya a ƙofar gidanta da hantsi. Aka garƙame gidan a gabanta, ta hau baya da ƙunshin kaya da butar ƙarfe. Na riƙe jikin motar ina kuka ina yi mata faɗa. "Haba Gwaggo! Bakinki kawai za ki kama, shi ma ya gagare ki?"

"Share fuskarki, Merita, kina ba ni kunya," in ji ta. "Je ki tambayo mini direban nan ta ina za mu bi. Azahar a hanya za ta same ni, ina so in san ina zan fuskanta."

Na je na tambayo. A can fadamar ta rasu, ba ta sake ganin gidan ba.