Malam Lawan da Motar da Ya Ƙi Aikawa Gida

Ina tsaye a bakin sitona a Murshid Bazaar, masu ɗauri suna ta fama da katan-katan na wata Hajiya da za ta tashi da yamma, sai wayar Bulus ta shigo. Bulus makaniki ne, mutumin kudancin Kaduna, kuma ba ya nemana sai in mota ta lalace. Na ɗauka da niyyar tsokanarsa, sai na ji muryarsa ba yadda na santa ba. Ya ce Baba Lawan ya rasu. Ya dawo daga sallar Asuba ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan katan ɗin mutane, abin da da yana raye sai ya yi mini faɗa a kai.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Lawan direban ɗaukar kaya ne. Bakano ne, ya riga yawancinmu zuwa Dubai, kuma duk ɗan kasuwar Arewa da ya daɗe yana saro kaya a Deira da wuya a ce kayansa ba su taɓa hawa motarsa ba. Ni ina da wurin ɗaurin kaya da aika su gida, shi yake kwaso mini su daga shaguna, shi yake kai su inda ake loda kwantena. Aiki ne ya haɗa mu, daga baya ya zama ba na iya cin abincin rana sai na leƙa na ga ko ya iso. Na rasa aboki, kuma ba na jin kunyar cewa na yi kuka.

Mutum ne marar gaggawa, ni kuma Allah ya yi ni da ita, don haka kullum cikin musu muke. In na ce yalla yalla jirgi ba ya jira, sai ya ƙara jan igiyar nan a hankali, ya ce, "Kayan mutane ba sa son gudu, Alhaji." Bai taɓa tayar da mota ba sai ya zagaya ta ya taɓa kowane ƙulli da hannunsa. In baƙo ya sauka karon farko, bai san hanya ba, bai san Larabci ba, Malam Lawan zai ɗauke shi a gaban mota ya nuna masa inda ake samun tuwo, da inda ake sallar Juma'a, da shagunan da ba a shiga sai da wanda ya san gari. Akwai manyan Alhazai yau da suke wuce mu a motoci masu baƙin gilashi, a gaban motar nan suka fara ganin Dubai. Bai taɓa tuna wa ɗayansu ba, ni ne nake tuna musu in sun fiye ɗaga kai.

Motar tasa tsohuwa ce mai shan dizal, yana kiranta Gwaggo, wai don ba a yi mata tsawa, lallaba ta ake yi. A nan ƙasar kowace shekara sai an kai mota gwaji kafin a sabunta mata takardu, abin da muke kira fasin. A duba birki, a duba taya, sannan a zura wani bututu a salansa, na'ura ta auna hayaƙin. In ya wuce ƙa'ida, mota ba ta ƙara hawa titi sai an gyara. Mu kuwa muna da tamu al'adar, kowa ya sani: motar da ta faɗi fasin ba ta mutu ba, gida za ta. Filayen Sharja, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, cike suke da irinsu, har da waɗanda aka ce biranen Turai sun hana su shiga tsakiyar gari saboda hayaƙi, duk suna jiran jirgin da zai kai su wajenmu. Ni kaina na aika da su ba adadi, kuma ana karɓa da godiya.

A kan wannan al'ada Malam Lawan ya yi wa ƙaninsa alkawari. Sabi'u ne ƙanin nasa, uwa ɗaya uba ɗaya, direba ne shi ma a Kano, amma motar wani yake ja, ga iyali. Tun da daɗewa ya ce masa ranar da Gwaggo ta faɗi fasin, tasa ce. Da ranar ta zo, a gabana ya kira shi ya yi masa albishir. Sabi'u ya san yayansa ba ya magana biyu, don haka bai jira ganin mota ba. Ya mayar wa maigidansa makulli, ya yi sallama da shi, ya gaya wa abokansa na tasha cewa tasa tana kan ruwa.

Ranar da za a kai ta Sharja don a shirya ta, Bulus ya ce a bar shi ya ja, yana so ya saurari injin don ya san kayan gyaran da za a haɗa wa Sabi'u. Sai Malam Lawan ya shigo tawa motar, muka bi shi a baya. Muna cikin cunkoson nan na hanyar Sharja, danja ta saki, Bulus ya taka. Wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe har na daina ganin lambar motar. A tsakaninmu da ita akwai wani mai babur, irin masu kai wa mutane abinci gida. Muka ga ya kawar da kai, ya ja mayafinsa ya toshe hanci, kafaɗunsa suna girgiza don tari, ga shi ba damar kaucewa. Malam Lawan ya sauke gilashi. Na ce ya rufe mana kada ya kashe mu, bai ko dube ni ba. Haka ya bar shi a buɗe har muka isa, idanunsa sun yi ja.

Da muka tsaya ya daɗe bai fita ba. Sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina gabanta, Alhaji. Ashe direba ne kaɗai a titi ba ya shaƙar hayaƙin motarsa."

Bai yanke shawara a ranar ba. Ya sa Bulus ya buɗe injin, ya tambaye shi tsakani da Allah ko za ta gyaru. Bulus ya ce injin ya gama aiki, duk abin da aka yi masa kwalliya ce ta 'yan watanni, daga nan hayaƙin ya dawo ya fi na da. Malam Lawan ya yi kwanaki yana juya maganar. Ya ce mini a nan yawancin waɗanda ke bayanka suna cikin gilashi da sanyi, amma a Kano wanda ke bayanka yana kan babur, ɗansa a gaba, matarsa a baya da goyo, ga mai tallan ruwa, ga mai suyar awara a bakin titi. Ya ce gwajin nan da ya kayar da Gwaggo ba takarda yake karewa ba, ƙirjin mutane yake karewa, kuma bai ga dalilin da zai sa ƙirjin Bakano ya fi na kowa arha ba. Daga ƙarshe ya kira 'yan gwangwan suka zo suka yanka ta.

Na yi masa faɗa, faɗa na gaske. Na ce mota ɗaya ba za ta rage wa Kano komai ba, in bai aika ba wani zai aika goma gobe, watakila ma ta hannuna. Na ce alkawari kaya ne, kuma shi ya ɗora wa kansa, ba wanda ya ɗora masa. Na ce ya dubi yaron nan da ya bar aikinsa. Ya bar ni na gama, don ya san in ban gama ba ba na jin magana, sannan ya ce, "Ba za a tambaye ni hayaƙin Kano duka ba. Nawa za a tambaye ni."

Abin da ya biyo baya ba daɗi, kuma ba zan ɓoye shi don ana ta'aziyya ba, domin shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Sabi'u ya koma wajen tsohon maigidansa ya tarar an ba wani motar. Ya yi watanni a zaune, ga kunyar mutanen tasha da suke tambayarsa ko jirgin ya nitse ne. Malam Lawan ya aika masa da abin da aka samu na ƙarafan, Sabi'u ya dawo da shi. Ya aiko da saƙo ta bakin wani ɗan kasuwa cewa Yaya ya fi tausayin hancin mutanen titi a kan cikin 'ya'yan ƙaninsa. Daga nan ya daina ɗaukar wayarsa. Sallah ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba gaisuwa. Ni ma na kira shi ya fi a ƙirga, da ya gane maganar da nake kawowa sai ya daina ɗaukar tawa.

Shi kuma Malam Lawan, mutumin da ya yi shekaru yana cin gashin kansa, ya koma jan motar kamfani yana karɓar salari, wanda bai kai ɗansa ba yana ba shi umarni. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. In na tsokane shi na ce ina mai Gwaggo, sai ya yi dariya ya ce Gwaggo ta yi ritaya, shi ne bai samu ba. Amma duk wanda ya san shi ya ga ya rage magana. In ana hira aka ambaci ƙanin wani, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Maganar Sabi'u ce take cinsa, kuma na san ita ce abin da ya fi tsoron ya mutu da shi.

Ba da daɗewa ba kafin rasuwarsa, muna shan shayi da la'asar a bakin ruwa kusa da ɗakinsa a Al Buteen, ya ɗauko zancen da kansa. Ya ce bai yi nadamar yanka motar ba, ko yau aka dawo da ita haka zai yi. Amma bakinsa ne ya riga idonsa, ya yi alkawari kafin ya ga abin da yake alkawartawa, kuma Sabi'u bai yi laifin komai ba sai yarda da maganar yayansa. Ya ce bana in ya je gida, shi zai taka har ƙofar Sabi'u ya durƙusa masa, girma ba ya hana neman gafara. Sannan ya ce in Allah bai kai shi ba, ni ne bakinsa. Na ce ya daina irin wannan magana ya sha shayinsa kafin ya huce.

Da aka gama takardu muka kai shi maƙabartar da ke wajen Muhaisnah. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata: 'yan kasuwa, direbobi, masu dako 'yan Pakistan da ya saba raba ruwa da su, Bulus yana tsaye gefe da mutanensa. Bayan an rufe shi, dattijonmu ya yi abin da ake yi a gida. Ya ce wanda yake bin marigayi wani abu ya zo ya same shi, wanda kuma marigayi ya taɓa ɓata wa, ya dubi Allah ya yafe. Aka amsa gaba ɗaya, mun yafe. Na tsaya ina jin muryoyin nan, na san duk cikinsu babu wanda Malam Lawan ya taɓa ɓata wa. Mutum ɗaya da yake da haƙƙin faɗin kalmar yana Kano.

Na roƙi jama'a su ɗan dakata, na kira Sabi'u. Wannan karon ya ɗauka. Na ce ba ni nake magana ba, Yayansa ne, na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba, har da cewa bai yi nadamar motar ba. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaye ni ko an riga an rufe shi. Na ce an rufe. Ya tambaya ko mutane sun watse, na ce suna nan. Ya ce in buɗe wayar kowa ya ji.

"Jama'a, ni ne Sabi'u, ƙaninsa," in ji shi. "Na sha wuya a kan motar nan, Allah ya sani. Amma ina jira ne ya zo gida in huce a gabansa, ban san ba zai zo ba. Ku shaida na yafe wa Yaya duniya da lahira. Ni kuma wa zai ce ya yafe mini?"

Sai dattijon ya matso kusa da wayar ya ce wanda ya yi niyyar durƙusa maka ai ya riga ya yafe maka.

Ya Allah, ga bawanka Lawan ya zo gare ka. Ya ji tsoron cutar da mutanen da bai san sunansu ba, kuma ya biya da abin da ya fi so. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sanyaya makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba matarsa Malama Binta haƙurin wannan rashi, ka raya 'ya'yansa a kan halinsa, ka rufa musu asiri. Mu da muka rage a wannan kasuwa, ka kyautata namu ƙarshen. Sabi'u kuma, wanda yanzu shi ne uban gidaje biyu, ka buɗa masa ta inda bai zata ba, ka cire masa wannan nauyi daga ƙirji, ka haɗa shi da Yayansa a inda ba a yin gaba.