Shirun Baba a Kaset ɗin Kaka

Makon jiya ɗana ya shigo shagona na ɗinki da waya a hannu, ya ce in tsayar da keke in saurara. Na tsayar. Sai ga muryar Kaka tana sallama, ita da ta daɗe a ƙasa. Wani tsohon kaset ne da nake ajiye da shi a ƙasan akwati. Ashe ya ɗauka ya kai wa mai gyaran waya a kasuwa, an juye maganar cikin wayarsa don ya faranta mini. Na saurara har wurin da Kaka ta ce, "To, ga yayanka." Daga nan abu ya tsaya cak. Na tambaye shi ina sauran. Ya ce ai babu saura, abin da ya biyo baya shiru ne kawai mai tsawo, mai gyaran ya yanke shi don kada ya cika waya a banza. Na ce ya ɗauki kaset ɗin ya koma inda ya fito.

Kafin ka ce tsohuwa ta cika fitina, bari in ba ka labarin daga farkonsa, don ni ba na son magana a birkice.

A Garwa aka haife ni, a wata unguwa da ba ta da nisa da kogin Binuwai. Gidanmu gidan fawa ne. Baba yana da tebur a babbar kasuwa wanda ya gada daga mahaifinsa, kuma tare suke aiki da ƙanensa, wanda muke kira Baffa. Dokar Baba ɗaya ce: naman da aka yanka da safe ya ƙare kafin la'asar. Abin da ya rage a yi kilishi, ko a raba wa maƙwabta. Baffa kuwa mai son sabon abu ne. Shi ya fara kawo rediyo mai kaset gidanmu, shi ne kuma ya sayo firji babba, irin mai buɗewa ta sama, ya ce ma'aikata da masu gidajen abinci suna son nama a kowane lokaci, duniya ta wuce wurin da Baba yake tsaye. Baba ya ce shi dai ubansa bai taɓa sayar da naman da ya kwana ba.

Wanda ya san Garwa ya san zafin bazararta, lokacin da ko ƙofar ƙarfe ba ka iya taɓawa da rana, tabarma ma sai an yayyafa mata ruwa kafin a kwanta. A irin wannan lokacin aka ɗauke wuta kwana biyu cur. Cinyar saniya guda biyu ta lalace a cikin firjin. Da Baba ya yi wa ƙanensa faɗa a cikin gida, da magana ta mutu a nan. Amma sai ya sa aka ɗora naman a baro, aka tura shi har gaban tebur, ya kira mahauta ya ce su zo su shinshina zamani. Aka yi dariya. Baffa ya ajiye wuƙarsa a kan tebur, ya juya ya tafi. Bayan kwana uku ya shiga motar shanu ya tafi Meiganga, ya kama cinikin shanu a can. Ya bar rediyon, ya bar firjin. Shekara huɗu bai taka Garwa ba.

A waɗannan shekarun kaset ne ya riƙe zumunci. Kaka ba ta karatu, kuma ta ce wasiƙa ba ta da murya, mai karantawa yana iya sa mata fushin da babu shi. Saboda haka duk bayan 'yan watanni sai a sayi kaset, ta yi magana, a ba wani direban motar shanu ya kai. Bayan mako biyu ko uku amsa ta dawo a hannunsa. Ni aka ba aikin danna rediyon, domin a cikin jikokinta ni ce ba na wasa da kaya, kuma na yi lekwal, wato makarantar boko, har na iya gane fuskar farko da ta biyu. Maɓalli biyu ake dannawa tare, ja da baƙi. Idan batir ya yi sanyi a shanya shi a rana. Idan zaren ya fito a mayar da shi da biro.

Kaka ba ta taɓa yin magana da rediyon nan da kayan zaman gida ba. Sai ta yi wanka, ta ɗaura zane mai kyau, ta yafa mayafi, har da turare. Na taɓa gaya mata cewa ba a ganinta. Ta ce ita tana ganin kanta. Kuma tana da tsarin da ba ta saɓawa. Da farko sallama da salati. Na biyu gaisuwa, ga Baffa, ga iyalinsa, ga mai gidan da yake haya, har da maƙwabtansa Fulani da ba ta taɓa gani ba, ta yi musu "jam na" da harshensu. Na uku waɗanda suka rasu, kowa da addu'arsa. Na huɗu haihuwa. Na biyar ruwan sama da halin kasuwa. Sai saƙonta na kanta. A ƙarshe mutanen gida su gaisa ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami. Idan aka tsallake wani, a can za a lura, kuma za a san da dalili.

Wanda ake tsallakewa kullum shi ne Baba. Da ya ga na ɗauko rediyo sai ya tuna yana da wani uzuri a waje. Ya ce abin da ke maimaita maganar mutum a bayan idonsa, a garinsu magulmaci ake ce masa. Kaka takan ce wa rediyon, yayanka ya fita, ta wuce kan matan gida. Shi ma Baffa a amsarsa yakan gaida kowa har jaririn da ke goye, amma ba ya ambaton yayansa.

A shekara ta huɗu jikin Kaka ya soma ja da baya. Ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya zuwa ko bakin ƙofa sai an riƙe ta. Wata Juma'a da safe ta aike ni sayen kaset da sabon batir, ta ce in ajiye rediyon a ɗakinta in rufe shi da zane, kada in ɗauko sai ta ce.

Ga abin da ta dogara da shi. Kowace Juma'a bayan la'asar Baba yakan shigo ɗakinta gaisuwa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Kuma a tarbiyyar gidanmu ɗa ba ya tashi daga gaban uwarsa sai ta sallame shi, ko da ya yi furfura. Kullum takan sallame shi da wuri, ta ce tashi ka je, Allah ya yi albarka. Ran nan ba ta ce ba. Ta dube ni ta ce in yaye zanen.

Na ga fuskar Baba ta canza, amma bai motsa ba. Na danna ja da baƙi. Kaka ta bi tsarinta daki-daki, ba ta gaggauta ba, ba ta tsallake ko mamaci ɗaya ba. Da ta zo kan saƙonta sai ta ce, "Ni dai na haifi maza biyu. Ba na so ranar da za a fitar da ni a ga ɗaya a gaban makara, ɗayan kuma a aika masa da kaset." Ta numfasa, ta tura rediyon da ƙafarta wajen ƙofa, ta ce, "To, ga yayanka."

Baba ya sunkuyar da kai. Zaren yana juyawa. Ni abin da ke raina shi ne batir yana ƙarewa, kaset yana tafiya a banza, kuma an koya mini cewa ɓarna haramun ce. Na miƙa hannu zan tsayar. Kaka ta kama wuyan hannuna ta riƙe, riƙon da ban san tana da sauran ƙarfinsa ba. Haka muka zauna mu uku. Ana jin daka daga gidan maƙwabta. Kurciya tana kuka a kan dalbejiyar tsakar gida. Carbin Baba yana ƙas, ƙas, a hankali. Can ya gyara murya kamar zai yi magana, na ɗaga kai, bai yi ba. Aka jima ya sake gyarawa, ya sake yin shiru. Gumi yana bin gemunsa. Har fuskar kaset ta ƙare, maɓallin ya tashi da kansa.

Sai a lokacin Baba ya buɗe baki, ya ce a goge. Kaka ta tambaye shi me ya faɗa da za a goge. Ta karɓi kaset ɗin, ta sa tsinken tsifa ta ɓalle ɗan haƙorin nan na bayansa wanda idan babu shi ba a iya sake ɗaukar magana a kai. Ban san ma ta san da wannan ba. Sa'an nan ta ce masa ya tashi ya je, Allah ya yi albarka.

Direba ya tafi da kaset. Mako biyu suka wuce, uku suka wuce, amsa ba ta zo ba. Direban ya dawo ya ce ya ba Baffa hannu da hannu, shi kuwa bai ba shi komai ba. Matan gida suka fara raɗe-raɗin cewa abin ya ƙara ɓaci, gara da an ce Baba ya fita kamar kullum. Kaka kuwa kowace safiya takan sa a share ɗakin Baffa. Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, kogi ya soma hawa kan yashin da muke wanki.

A cikin makon ne wata rana da hantsi Baffa ya yi sallama a ƙofar gida, da jaka ɗaya da ƙurar hanya a jikinsa. Ya durƙusa gaban Kaka. Aka kawo masa ruwa, ta ce a dakata da shi, ya je kasuwa tukuna. Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji. Ya ce ya tarar da Baba yana sara, mutane a tsaye. Ya zagaya bayan tebur, ya ga tsohuwar wuƙarsa a rataye inda ya saba rataye ta, ya ɗauka. Baba bai ɗago ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Wasa ta tukuna, ta daɗe ba a taɓa ta ba."

Daga baya na tambayi Baffa me ya ji a kaset ɗin, tunda babu magana. Ya ce ya saurara har batir ya mutu, ya sayi wani. Da farko ya ji carbi, ya san yayansa yana zaune a wurin, bai fita ba. Sa'an nan ya ji gyaran murya. Ya ce tun suna yara, yayansa ba ya gyara murya sai zai faɗi abin da ya yi masa nauyi, kuma ga shi har sau biyu. Ya ce mutumin da ya tara kasuwa a kansa ba zai iya fin haka ba, shi kuma bai nemi fiye da haka ba. Ya dawo da kaset ɗin a jakarsa, Kaka ta ba ni ajiya. Ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni bayan haka. Ranar da aka fitar da ita, su biyu ne a gaba. Firjin kuwa ya zauna a zaure har tsufan Baba, yana shan ruwan sanyinsa kullum, yana kuma cewa ai shi bai taɓa cewa ba shi da amfani ga ruwa ba.

Ba na zagin waya. Da ita nake karɓar aiki, da ita nake ganin jikokina. Amma ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi a jere. Na ɗaya, mace ta turo mini saƙon murya babu sallama, sai hoton riga da "irin wannan nake so kafin Asabar". Na biyu, ta auna kanta da kanta ta turo, idan rigar ta matse ta ce tela ce ba ta iya ba. Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai, na gano yarana suna sauraron saƙona da gudu, akwai wurin da suke dannawa muryata ta koma kamar ta kaza, don su gama da wuri. Mutumin da ba ya iya jiran uwarsa ta gama magana, ina zai iya jiran ta yi shiru?

Shekaranjiya ɗana ya dawo da abin cikakke. Na rufe shago, na sa shi ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, na ajiye wayar a tsakaninmu. Kaka ta yi sallama, ta bi mamatanta, ta ce ga yayanka. Daka ya fara, kurciya ta fara. Ba a jima ba na ga yatsansa yana tafiya wajen wayar, na kama wuyan hannunsa. Muna nan zaune sai aka gyara murya a cikin wayar. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaya wane ne wannan.

Na ce, "Kakanka ne. Yi shiru, zai sake."