Ta'aziyya a Gaban Zanen 'Yan Wuta

Akwai wani yini a zamana na New York da har in koma ga Mahaliccina ba zai bar raina ba. Lokacin ina gadi a wani gidan ajiye zane-zane, aikin tsayuwa da hana mutane taɓa kaya. A ɗakin da aka ba ni akwai wani tsohon zanen Turawa na 'yan wuta. Mai zanen bai rage komai ba: ga shaiɗanu riƙe da ƙugiya, ga mutane tsirara ana dannawa cikin tukunya, wani ya wage baki yana ihun da ba a ji. Da farko dariya yake ba ni, in ce wannan Bature kamar ya je ya dawo. Sai da na daɗe ina kallo na lura cewa duk cunkoson nan, babu mai kallon ɗan'uwansa. Kowa ta kansa yake yi.

Ran nan da safe aka kira ni daga Gusau, Baba ya rasu. Takarduna ba su ba ni damar tafiya ba, kuma a Morrisania, unguwar da nake zaune, ni baƙo ne. Na sa kayan aiki na fita, ban gaya wa kowa ba. A gida an shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa, ni kuwa babban ɗa ina nan ina gadin 'yan wuta. Ban taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Wajen la'asar wata dattijuwa ta shigo tana tura wata tsohuwar Baturiya a keken marasa lafiya. Dattijuwar ta dubi zanen, ta ja da baya.

"Wa'iyazu billahi! Allah shi raba mu!" Hausar Nijar ce tsantsa.

"Amin, Hajiya," na ce.

Ta juyo da sauri. "Kai, ashe namu ne! Ina mutanen gida?"

"Lafiya lau," na ce, don haka ake amsawa. Muryata ce ta tona ni.

"Ɗana, wagga lafiya lau taka ba ta kai ciki ba. Mi ya faru?"

Na faɗa mata. Ta taka birkin keken, ta ɗaga hannu a nan gaban zanen ta yi wa Baba addu'a, muka shafa. Sannan ta ce, "Ya haƙuri?" Sai a lokacin na yi kuka.

Ban sake ganinta ba, ko sunanta ban tambaya ba. Tsayuwar nan tata ita ce zaman makokin Baba a wajena gaba ɗaya. Tun daga ranar, idan mutum ya ce mini lafiya lau, ba na wucewa sai na saurari muryarsa.