Kwana Ukun da Yaya Ya Ba Ni

Da kakar bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Isiyaku, wanda ya daɗe yana mai unguwar ƙauyenmu a bayan Kiyawa. Ni yanzu a unguwar Takur ta Dutse nake zaune, na yi ritaya daga koyarwa, amma da zarar na ga an fara ɗaure kara a gonakin bakin titi sai ya faɗo mini a rai.

Wanda bai sani ba zai ɗauka aikin mai unguwa zama ne a zaure ana kawo gaisuwa. Ni ma haka na ɗauka, ga shi kuwa ciki ɗaya muka fito. A wurinmu babu aiki mai nauyi kamar sa ranar sakin dabbobi, wato ranar da makiyaya za su shigo da shanu gonaki su ci kara da harawa bayan an kwashe amfani. In ya matso da ranar, manoma su ce ya sayar da su don matarsa 'yar ruga ce. In ya ɗaga, makiyaya su ce ai dama ɗan manoma ne. Ban taɓa ganin shekarar da aka gode masa ba. Shi kuwa sai ya gyara hula ya ce kowa ya yi haƙuri. Wallahi wannan haƙurin nasa haushi yake ba ni.

Wata shekara ruwa ya makara, shuka ma ta makara. Wakena bai bushe ba, kuma da shi na dogara, don albashin malamin firamare kowa ya san inda yake tsayawa. Na sami Yaya da safe na roƙi ya ƙara mana kwana goma. Ya ce kwana uku zai iya. Na faɗa masa maganar da ƙane ba ya faɗa wa wansa, na ce rawani ya sa ya manta gidansu. Muka tsinke abin da ya samu ɗanye-ɗanye, sauran shanu suka cinye. Shekara biyu ban sa hannu a kwanon tuwonsa ba. Daga baya na koma, amma ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba.

Ranar sadakar ukun rasuwar Yaya, Arɗo Buba, dattijon rugar da ke kusa da mu, ya ja ni gefe. Ya ce a waccan shekarar ciyawa ta ƙare, shanu sun fara faɗuwa, samarin ruga sun gama shawara za su shigo ko da tsiya, da sanduna da adduna. Yaya ya yi ta zarya da ƙafa yana roƙon kwana ɗaya-ɗaya. Kwana ukun nan da na raina, da gonarsa ta dawa ya same su, ya bar musu ita a tsaye ba a yanka ba. Na tuna mun ga shanu a gonar, muka yi ta dariya muna cewa ga abokansa sun yi masa sakayya.

Na tambayi Arɗo me ya hana shi gaya mana. Ya ce shi ma ya tambaye shi, sai Yaya ya ce: "In mutanena suka ji an wasa adda, su ma nasu za su wasa. Gara su zage ni."

Yau burtali ya ƙara tsukewa, gidaje sun ci wani, gonaki sun ci wani. 'Yan garinmu kuma sun buɗe dandali a waya, inda ake wanke sabon mai unguwa tas tun kafin ya karya kumallo. Nakan tambayi kaina ya Yaya zai yi da wannan zamani, da magana take isa Dutse kafin a gama faɗarta. Anya shirunsa zai kai ko'ina? Ban sani ba. Abin da na sani, duk sanda hannuna ya yi ƙaiƙayi zan sa baki, sai in ajiye wayar, don ban san me shi ma sabon mai unguwar ya haɗiye ba.

Yaya bai bar gidan siminti ba, babu titin da aka sa wa sunansa. Amma samarin rugar nan da samarinmu na wancan lokaci duk suna nan da furfurarsu, sahu ɗaya suke bi ranar Juma'a, babu wanda aka binne saboda wake. Ni ne dai na ci kwana ukun na tashi ban gode ba. Allah ya jiƙanka, Yaya. Ka yafe mini, na makara.