Shekarar da Aka Kai Baba Haƙar Kuza

Ina yarinya a ƙauyenmu kusa da Shagari aka zo ɗibar maza zuwa haƙar kuza a Jos, lokacin yaƙin Turawa. Gidan wani attajiri maƙwabcinmu cike yake da samari majiya ƙarfi, amma ba a taɓa ko ɗaya ba. Baba aka ɗauka, alhali shi kaɗai ne namiji a gidanmu, ga gero ya fara tasowa.

Inna ta raka shi har bakin hanyar Bodinga, ta ce, "Malam, wa za shi noma muna gonar?"

Ya ce, "Ku yi abin da kunka iya, Allah na nan."

Ni da Inna muka shiga gona, amma ciyawa ta fi ƙarfinmu. Abin da muka girbe bai kai mu tsakiyar rani ba. Muka koma yin daka a gidan attajirin, ana sallamarmu da dusa da ɗan tsaki.

Baba ya dawo a rame, sanyin can ya kama masa ƙirji. Da ya ga rumbu babu komai, sai ya sayar wa attajirin fadamarmu ta albasa, ya koma yi masa ƙwadago a cikinta. Ni nake kai masa fura. Nakan same shi ya dafa bakin rijiya yana tari, in ya lafa ya ci gaba da ban ruwa. Kafin a cire albasar Allah ya yi masa rasuwa.